Shekara Uku Ban Ci Jibin Ubangiji Ba, Yaushe Zan Cancanta?

Wasiƙar da ta iso mana ke nan, mun taƙaita ta:

"Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni magidanci ne, malamin firamare, ina kuma ɗan taɓa noma. Shekara uku da suka wuce ni ne ma'ajin kwamitin ginin majami'armu. Damina ta faɗi albashi bai shigo ba, sai na ɗebi naira 240,000 na sayi taki, da niyyar in mayar bayan girbi. Gonar ba ta yi ba. Da lokacin rahoto ya yi, na rubuta cewa na biya kuɗin bulo da yashi. Da aka ga kaya ba su cika ba, aka ɗora wa magini laifi, aka sallame shi. Tun daga nan ban sake cin Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu) ba. Da dattawa sun ɗauko faranti sai in fita kamar zan zaga. Na zuba naira 90,000 a kwandon baiko kaɗan-kaɗan, ina azumi Laraba da Juma'a, amma hankalina bai kwanta ba. A 1 Korintiyawa 11 an ce wanda ya ci da rashin cancanta ya jawo wa kansa hukunci, har da ciwo da mutuwa. Ga ƙaramar 'yata tana ta fama da ciwo, ina ganin ni na jawo mata. Ko matata ba ta sani ba. Azumi nawa zan yi kafin in cancanta? Ko na riga na wuce gafara?"

Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai.

Ba ka wuce gafara ba. Zunubin da Yesu ya ce ba a gafartawa, a Markus 3:28-30, na mutanen da suka ga aikin Ruhu Mai Tsarki ƙiri-ƙiri ne suka ce aikin Shaiɗan ne, kuma a wannan wurin ne ya fara cewa za a gafarta wa 'yan adam dukan zunubai. Cin amanar kuɗi da rubuta ƙarya suna cikin "dukan". Wannan tambayar ta ƙare.

Ɗayar tambayar ce mai aiki, domin ka haɗa bashi biyu ka mai da su ɗaya. Akwai wanda Allah yake binka, akwai wanda asusun gini da magini suke binka. Na farko ba ya biyuwa, ba a kuma ce ka biya ba. Na biyu yana biyuwa, kuma dole ne. Kai kuwa ka shekara uku kana ƙoƙarin biyan na farko da azumi, na biyun kana zagaye shi.

Ka buɗe Matiyu 18:23-35. Bawan nan sarki yana binsa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuwa ladan lebura na yini guda, kamar yadda aka yi jinga da ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20:2. Kai malami ne, yi lissafin a bayan takarda: ladan yini miliyan 60. Idan mutum yana fita aiki kwana 300 a shekara, bai ci ba bai sha ba, sai ya shekara 200,000. Amma ji abin da bawan ya ce da ya faɗi a gaban sarki: a yi masa haƙuri, zai biya duka. Bai san girman abin da yake kansa ba, shi ya sa yake neman a ƙara masa wa'adi. Sarki bai ba shi wa'adi ba, yafe masa ya yi gaba ɗaya. Tambayarka ta "azumi nawa" ita ce maganar bawan nan. Laraba da Juma'a na shekara uku azumi ne kimanin 312. Ko ka ninka shi dubu, ba irin kuɗin da ake karɓa a wannan teburin ba ne.

Akwai abin da yake ruɗa mu a kalmar alheri kanta. A bakin Bahaushe alheri abin ramawa ne. Ranar biki mace tana zaune da ɗan littafinta tana rubuta wadda ta kawo atamfa da wadda ta kawo dubu biyar, domin ranar nata ta mayar har da ɗori. Wanda aka yi wa alheri bai rama ba, ana ce masa butulu. Da wannan kunnen muke jin "alherin Allah", sai mu ɗauka gudummawar biki ce: ya kawo mana tasa, yana jiran tamu. Bulus ya toshe wannan ƙofar sau biyu a wasiƙar Romawa. A 4:4-5 ya ce ladan ma'aikaci ba kyauta ba ne, hakkinsa ne, amma Allah yana kuɓutar da marar tsoron Allah da ya gaskata. A 11:6 ya ce idan ta wurin aiki ne, alherin ya tashi daga zama alheri. Yesu kuma a Luka 14:12-14 ya ce idan za ka kira liyafa ka kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin rama maka. Irin teburin da kake gudu ke nan.

Yanzu ayar da ta hana ka barci. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa daga Afisa, 'yan shekaru bayan ya kafa ikilisiyarsu. Ba su da ginin coci, a gidajen masu hali suke taruwa, Jibin kuma cikakken abincin dare ne. Lahadi ranar aiki ce a lokacin, sai a shekara ta 321 Sarki Konstantin ya mai da ita ranar hutu. Saboda haka masu kuɗi su ne suke isowa da wuri, su baje kayan daɗinsu, bayi da leburori kuwa sai sun tashi daga aiki su zo su tarar da kwanuka wayam. Karanta daga aya ta 17, kada ka faro daga 27. Aya ta 21 ta ce wani yana jin yunwa, wani ya bugu. Aya ta 22 ta ce suna raina ikilisiyar Allah, suna kunyata marasa abin hannu. Maganin da Bulus ya ba su a aya ta 33 ɗan gajere ne: ku jira juna.

Kalmar Helenanci da aka fassara "da rashin cancanta" a aya ta 27 bayanau ce, ba sifa ba. Tana bayyana yadda aka ci, ba ta siffanta mai cin. Kamar bambancin "ya shiga da takalmi" da "shi ƙazami ne". Bulus bai taɓa cewa cancantattu su matso, sauran su koma baya ba. Aya ta 28 ma cewa ta yi mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci, ya sha. Awon hanyar zuwa teburi ne. Wanda ya shekara uku yana awo bai ci ba ya tsaya a rabin ayar.

Ka kuma tuna waɗanda suka ci Jibin farko. A wannan daren gardama suke yi a kan wane ne babba a cikinsu (Luka 22:24). Bitrus saura 'yan sa'o'i ya yi rantsuwa bai san Yesu ba. Kafin gari ya waye duk sun watse sun bar shi. Ya san duk wannan, ya miƙa ƙoƙon ya ce dukansu su sha, jininsa ne da za a zubar domin gafarar zunubai. Malaman ikilisiya na dā sun amsa tambayarka kai tsaye. Martin Luta, a ƙaramin littafin koyarwar da ya fitar a 1529, wanda Lutaran suke koyar da 'yan ajin tabbatarwa da shi har yau, ya ce azumi da shirya jiki horo ne mai kyau na waje, amma wanda ya shirya da gaske shi ne wanda ya gaskata kalmomin nan, "an bayar, an zubar dominku". Littafin tambaya da amsa na Haidelbag na 1563, a tambaya ta 81, ya ce teburin na waɗanda ba su ji daɗin kansu ba ne saboda zunubansu, amma suka dogara an yafe musu saboda Kristi, suna kuma son gyara zamansu. Ya ƙara da cewa munafukai da marasa tuba hukunci suke ci.

Wannan ƙarshen ya kawo mu wurin da ba za mu shafa maka mai a baki ba. Lamirinka bai yi ƙarya ba da ya hana ka miƙa hannu. Kuskuren da ka yi wajen gane dalili ne. Ka ɗauka abin da ya tare ka shi ne kai mai zunubi ne. Da haka ne, da farantin ya koma yadda ya fito, har faston da ya sa masa albarka bai taɓa ba. Abin da ya tare ka ƙarya ce da take zaune a littafin kwamiti har yanzu, da bawan Allah da yake yawo da sunan ɓarawo saboda kai. Wannan shi ne ainihin laifin Korintiyawa, mai ƙarfi ya ci, marar ƙarfi ya sha kunya. Matiyu 5:23-24 ya ce idan kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya, ka dawo ka miƙa. Ka ajiye, ka fita, amma ba ka je ba. Ka karanta Ishaya 58 ranar Larabar da za ka yi azumi na gaba, za ka ga irin amsar da Allah ya ba mutanen da suke azumi suna danne ma'aikatansu.

To ga abin yi, kuma yawancinsa na mako guda ne.

Ka zauna da takarda da biro ka rubuta abin da ya faru, ba ado: ranar da ka ɗauka, nawa, abin da ka rubuta a rahoto, wanda aka zarga. Dalilin rubutawa shi ne a gaban fasto baki yakan sassauta magana da kansa. "Na ɗauka" ya koma "na ara", "na rubuta ƙarya" ya koma "an samu ɗan kuskure a lissafi". Wanda ya zo da takarda ba ya zamewa haka. Kada ka sa maganar albashi da rashin damina a sahun gaba. Gaskiya ne sun faru, idan an tambaye ka ka faɗa, amma idan ka buɗe da su za a ji kamar kariya ka zo yi.

Matarka ce ta farko da za ta ji. Kuɗin da za a biya daga tukunyarta zai fita, kunyar da za a sha kuma har a Zumuntar Mata za ta same ta. Mummunan abu ne ta tsinci labarin a bakin wata a hanyar kasuwa. Ka zaɓi dare bayan yara sun kwanta. Tana iya yin kuka, tana iya yin kwana biyu ba ta kula ka ba. Hakkinta ne. Kada ka nemi ta yafe a zaman farko.

Sa'an nan ka nemi fasto da dattijo guda ɗaya wanda aka sani da riƙe baki. Mutum biyu, domin a samu shaida a kan abin da aka faɗa da abin da aka yanke. Kada ka tashi lokacin shaida a sujada ka fashe da kuka ka zayyana wa jama'a duka, kada kuma ka rubuta a dandalin WhatsApp na coci. Iyakar waɗanda aka yi wa laifi ita ce iyakar waɗanda za a furta wa, idan ya kamata a faɗa wa ikilisiya wani abu dattawa ne za su tsara yadda za a faɗa. (Da ɗan Katolika ne kai, da mun ce ka fara da ikirari a wurin Fada, wanda ba ya fitar da abin da ya ji ko da za a yanka shi, shi kuma zai ɗora ka a kan hanyar mayar da kuɗin. Amma yadda ka ambaci dattawa da faranti ya nuna ba can kake ba.)

Maganar kuɗi. Naira 90,000 da ka zuba a kwando ba su shiga asusun gini ba. An ƙirga su cikin baikon Lahadi, an kashe su a man janareta da sauran hidima, littafin gini kuwa yana nan da raminsa. Ka ambace su, amma ka bar dattawa su ce ko za su cire maka. Kai ka shiga da lissafin 240,000. Dokar Musa ta ba da ma'auni mai kyau a nan. A Littafin Firistoci 6:1-5 wanda ya ci amanar ajiya yana mayar da uwar kuɗi ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, haka ma a 5:15-16 game da kayan da aka keɓe wa Ubangiji, Littafin Ƙidaya 5:7 kuma ya sa furtawa da baki kafin biya. Ɗaya cikin biyar na 240,000 shi ne 48,000, jimla 288,000. Ba doka ce a wuyan Kirista ba, amma ka fi mu sanin kuɗin buhun siminti a wancan lokacin da kuɗinsa yau. Wanda ya mayar da adadin da ya ɗauka cif bai mayar da yawan bulon da ya hana ginin ba. Mu a ganinmu ka yi tayin ƙarin da kanka.

Ka tsara biyan da albashin malami zai iya ɗauka. Misali 20,000 duk wata har wata 12, ƙarin 48,000 kuma a kaka idan an sayar da amfani. Idan 20,000 zai karya gidan, ka ce 12,000 na wata 20. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne alkawarin zafin kunya: mutum ya ce zai biya cikin wata uku, wata na biyu ya kasa, ya fara kauce wa dattawa, ya koma inda ya fito har da ƙarin kunya. Kada ka ci bashin ruwa don ka biya. Kada ka sayar da hatsin da gida zai ci, kada ka taɓa kuɗin makaranta ko na maganin yarinya. Ka je zaman farko da kason farko a hannu, ko da 10,000 ne, ya fi dogon bayani. Kowane biya ya bi ta asusun banki na ikilisiya, ko a ba ka rasit da sa hannun mutum biyu. Kuɗin da aka ɗauka a ɓoye, a fili ake mayar da shi. Idan har yanzu akwai wani kuɗin jama'a a hannunka, na coci ko na makaranta ko na adashi, ka miƙa shi a wannan makon.

Magini shi ne wanda wasiƙarka ta ba layi ɗaya, alhali shi ya fi kowa cutuwa. Asusu ba ya jin kunya, shi kuwa a ƙauye ko unguwa sunan magini shi ne jarinsa. Wa ya san gine-gine nawa suka wuce shi saboda an ce ya ci bulon coci? Ka je gidansa da ƙafarka, tare da dattijon nan, ba ta waya ba. Ka ce masa kai ka ɗauki kuɗin, ka bari aka ɗora masa, ka zo neman gafara. Ka tsaya nan, kada ka ƙara "amma". Ka bincika ko akwai ragowar kuɗin aikinsa da aka riƙe lokacin da aka sallame shi. Idan akwai, shi ne farkon abin biya, kafin asusun gini. Ka roƙi dattawa su wanke shi a gaban mutanen da aka ɓata shi a gabansu, ko da ba za su kira sunanka ba. Yana iya zaginka, yana iya ƙin karɓar hannunka. Romawa 12:18 ya ce iyakar abin da yake daga gare ka. Yafewarsa ba ta hannunka, zuwan ne naka. Ko shi Kirista ne ko Musulmi, hakkin ɗaya ne.

Kana tsoron horo, mun sani. Ikilisiyoyi sun bambanta, amma abin da aka saba shi ne a sauke mutum daga muƙami, a dakatar da shi daga Jibi na wasu watanni, wani wuri a sanar, wani wuri a bar shi tsakanin dattawa. Ba za mu yi maka alkawarin cewa kowa zai rufa maka asiri ba. Wani zai yi gulma, kuma a idon doka abin da ka yi laifi ne, ko da yake wanda ya kawo kansa da kuɗi a hannu ba a cika yi masa irin riƙon wanda aka kama ba. Amma duba halin da kake ciki. Ka riga ka sa kanka a horo wata 36, horon da ba shi da ranar ƙarewa, ba mai ziyartarka, ba mai yi maka addu'a a kai, ba kuma wanda zai tashi ya ce an karɓe ka. Na ikilisiya yana da ƙofar fita. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikilisiyar nan ta Korinti hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa, su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ka tambayi fasto cikin ladabi wata nawa ne, me ake so ka cika, wane dattijo ne zai riƙa bibiyarka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma asirin irin wannan yakan fito da kansa ranar da aka canja kwamiti aka buɗe tsofaffin littattafai.

Kada ka ce sai ka gama biya za ka koma teburi. Zakka mai karɓar haraji na Yariko ya tsaya ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bai ƙirga ko kwabo ba tukuna Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan (Luka 19:8-9). Ka lura da jerin ma: Yesu ya fara gayyatar kansa gidan, alkawarin biya daga baya ya fito. Da zarar ka furta, ka je wurin magini, an sa hannu a tsarin biya, abin da ya tare ka ya kau. Ranar da dattawa suka ce ka ci, ka ci, ko da saura wata goma ka gama.

Akwai kuma ramin da yake ɗaya gefen. Yahuza Iskariyoti ya mayar da kuɗi. Ya kai azurfa talatin ɗin cif, ya furta da bakinsa cewa ya ci amanar marar laifi, aka ce masa ina ruwanmu, ya je ya rataye kansa (Matiyu 27:3-5). Bitrus ba shi da abin mayarwa, sai kuka mai zafi, amma bayan tashin Yesu daga matattu, da ya ji an ce Ubangiji ne a bakin gaɓa ya yi tsalle cikin ruwa ya nufe shi, ya tarar da garwashi da kifi da gurasa, aka ciyar da shi kafin a yi masa ko tambaya ɗaya. Rasit na ƙarshe zai rufe littafin kwamiti, ba shi zai wanke ka ba. 2 Korintiyawa 7:10 ya raba baƙin ciki gida biyu, mai kai wa tuba da mai kai wa mutuwa, kuma ana gane su da inda suke tura ƙafar mutum, wajen Yesu da 'yan'uwa ko bayan coci shi kaɗai. Idan ka kai mako biyu ba barci, abinci ba ya shiga, ko tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, ka faɗa wa matarka da fasto a ranar, ka kuma ga likita. Wannan ciwo ne da yake da magani.

Game da yarinya, ka kai ta asibiti a yi gwajin jini, a duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, idan ciwon yana yawan dawowa da ciwon gaɓoɓi a duba sikila. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya (Yohanna 9:1-3). Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Za ka ce to jaririn Sarki Dauda da ya mutu bayan zunubin ubansa fa? Can annabi Natan aka aiko ya faɗa da baki, kai ba wanda aka aiko maka. Kada ka naɗa kanka annabi a kan 'yarka. Ka kuma yi nesa da masu cewa ka kawo kuɗi a karya maka la'ana da mai ko ruwa. Mai lamiri mai ciwo shi ne kasuwarsu. Da Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus cewa ya yi kuɗin su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20).

Bayan duk wannan, ranar da farantin ya iso gabanka hannunka zai yi rawa, za ka ji har yanzu ba ka isa ba. Jin nan gaskiya yake faɗa, kuma ba ya hana komai. A Luka 7 dattawan Yahudawa sun je wa Yesu da roƙo a madadin jarumin sojan Roma na Kafarnahum, suka ce ya cancanta, yana ƙaunar al'ummarsu, shi ya gina musu majami'a. Shi kuwa ya aiko cewa bai isa Yesu ya shiga ƙarƙashin rufinsa ba, ya yi magana kawai. Mutumin da ya gina majami'a da kuɗinsa ke nan, kai kuwa ka ci na gini, amma magana ɗaya ce ta dace da bakinku duka. Yesu bai tsaya raba gardamar cancantarsa ba, bangaskiyarsa ya yaba. Katolika a duk duniya kalmomin jarumin nan suke faɗa a kowace Misa, suna gama faɗa kuma su tashi su je su karɓa. Ɗan nan na cikin misalin Yesu da ya lalatar da gadonsa ya haddace jimla uku a hanyar komawa wurin ubansa: na yi zunubi, ban cancanci a kira ni ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗan ƙodago. Gwada Luka 15:19 da 15:21. Biyu ya samu faɗa, uban ya riga ya aika a kawo riga da zobe da takalma. Ta ukun, wadda za ta ba shi damar biya da guminsa, ba a bari ta fito ba.

Awon kai na daren Asabar kafin Jibi bai kamata ya wuce minti goma sha biyar ba. Akwai zunubin da na sani nake riƙe da shi? Akwai wanda yake da hakki a kaina da ban je wurinsa ba? Da me nake dogara, da ƙoƙarina ko da jinin da aka zubar? Abin da ya fito ka furta shi da sunansa sau ɗaya, ka karanta 1 Yohanna 1:9, ka kwanta. Zunubin da ka riga ka furta ka gyara, kada ka sake tono shi kowane wata. Idan zuciya ta tayar da shi, 1 Yohanna 3:20 ya ce Allah ya fi zuciyarmu girma. Azumin Laraba da Juma'a kuwa, idan kana so ka ci gaba, ka ci gaba, amma ka daina ƙirga shi. Kuɗin abincin da ka rage a ranakun ka haɗa cikin kason wata.

Ka kira fasto kafin Lahadin nan ka ce kana son ganinsa da dattijo ɗaya a kan maganar kuɗin gini. Ka faɗi "kuɗin gini" a wayar, domin kada ka isa ofishinsa ka ɓuge da gaisuwa da tambayar iyali ka fito.